Abin da aka tattauna kan shiga aikin Linux

Linux babbar manhaja ce da ke tafiyar da kwamfuta, wadda kowa zai iya ba da gudummawa wajen rubuta ta. An tattauna kan yadda sabon shiga zai fara sa hannu a aikin. Ga taƙaitaccen abin da na tsinto.

Inda baki ya zo ɗaya:
1. A fara da ƙaramin gyara, matsala ɗaya tak, tare da bayanin dalili. Wanda ya jibgo tuli, da wuya a duba masa.
2. A koyi Git tukuna, wato tsarin da ke adana tarihin canje-canjen da aka yi wa manhaja. Linus Torvalds, wanda ya fara Linux, ya ƙirƙire shi a 2005 saboda wannan aikin.
3. A san lokaci. Sabon Linux na fitowa duk mako 9 ko 10. Mako biyun farko ake karɓar sababbin abubuwa, sauran na gyaran kurakurai ne.
4. Masu duba aiki sun yi ƙaranci. An tuna da abin da aka gano a Maris 2024 game da xz, manhajar matse fayiloli, yadda wani ya lallaɓa ya samu amincewar mai kula da ita, wanda aiki ya yi wa yawa, ya dasa ƙofar ɓoye, wato hanyar kutsawa cikin kwamfuta a asirce. A ganina nan ne maganar ta fi nauyi.

Inda aka rabu: Rust, wani yaren rubuta manhaja, wanda ya shiga sigar Linux ta 6.1 a 2022. Wasu sun ce yana hana kurakurai masu haɗari, wasu suka ce ƙarin kaya ne ga masu kula da sassan da aka rubuta da C, yaren da aka gina Linux da shi. Ba a daidaita ba.