Maganin ciyawa da ɓarin ciki, don Allah a ba ni shawara

Wata 'yar uwa daga wajen Garwa:
Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu sani ku taimaka min. Maigidana sana'arsa feshin maganin ciyawa, da damina gonakin masara da auduga, in ruwa ya ɗauke kuma ya koma karal, wato filayen laka, wajen masu masakwa, dawar da ake dasawa bayan damina, wuni yake da famfo a baya kuma famfon yana yoyo har rigarsa takan jiƙe sharkaf. Ni nake wanke kayan da hannu. Jarkar ruwan shanmu ma tsohuwar ta maganin ce amma na wanke ta sosai da sabulu. Yanzu ciki biyu ke nan yana ɓare min a jere, surukata ta ce iska ce, maƙwabciyata ta ce maganin ne. A jikin kwalaben an rubuta atrazine da glyphosate. Wai da gaske suna taɓa haihuwa?

Ungozoma daga Marwa:
Wa alaikumus salam, sannu ƙanwata, Allah ya mayar miki da masu albarka. Kafin komai jarkar nan ki daina shan ruwanta yau ɗin nan, roba tana shan maganin, wanki ba ya fitar da shi duka. Atrazine ɗin shi na fi jin tsoro. An gwada a kan beraye an ga yana danne sinadarin da ƙwaƙwalwa ke aikowa don ƙwan mace ya fita, homon ɗin da muke kira LH. A 2002 wani masani a jami'ar Berkeley ta Amurka, Tyrone Hayes, ya nuna ɗan kaɗan a ruwa yana dagula halittar kwaɗi maza. A Faransa kuma, yankin Bretagne, binciken da aka fitar a 2011 ya ga matan da aka samu alamarsa a fitsarinsu sun fi haifar jarirai marasa nauyi. Amma ba wanda zai zauna a waya ya ce miki shi ne ya zubar da cikinki, zazzaɓin cizon sauro, ciwon suga, hawan jini, ciwon sanyi, duk suna yin haka. Ku je asibiti ku biyu, ki faɗa wa likita sana'ar mijinki, kar ki ɓoye.

Wani manomi:
Haba jama'a, mu da muka daɗe muna feshi ga 'ya'ya cike da gida. In ba magani wa zai iya kuɗin 'yan noma yanzu?

Malamin gona daga Ngaundere:
Alhaji ba wanda ya ce a bar feshi, amma don kai ka tsira ba shi ne kowa zai tsira ba. Tarayyar Turai ta hana atrazine tun 2004 saboda yana sauka ƙasa ya shiga ruwan rijiya kuma ya daɗe bai lalace ba, mu nan a gefen gona muke haƙa rijiyoyinmu. Glyphosate kuwa a 2015 hukumar binciken kansa ta WHO, Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke Liyon a Faransa ta sa shi cikin abubuwan da mai yiwuwa suke kawo kansa, wasu hukumomin ba su yarda ba, har yanzu ana jayayya. Abin da nake gani da idona shi ne yake ɗaga min hankali, mutum ya dama magani da hannu, bakin famfo ya toshe ya sa baki ya hura, ya goge hannu a wando ya ɓare goro. Baiwar Allah ki gaya wa maigida ya gyara yoyon nan ko ya canja famfo, ya sa takalmin roba da safar hannu da doguwar riga, ya rufe hanci, kar ya yi feshi iska na dawo masa da shi, kuma ya yi wanka da sabulu kafin ya shigo ɗaki. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye sau uku a zuba ruwan cikin famfo, a huda ta yadda ba mai sake amfani da ita.

Maman 'yan biyu:
Wankin kayan nan fa ki sauke shi daga kanki, shi ya wanke abinsa can nesa da rijiya a bokiti daban. Ki lallaɓa shi da magana mai daɗi, maza ba sa son a ce matsala daga wajensu take. Maganar iska kuma ki yi addu'arki ki tafi asibiti, ba sa hana juna.

Mai tambaya:
Na gode Allah ya saka. Jarkar na fitar da ita, na nuna masa maganar malamin gona ya yi shiru, ya ce ran kasuwa zai sayo safar hannu da takalmi. Asibitin ne yake noƙewa, anti ungozoma shi wane gwaji za a yi masa?

Ungozoma daga Marwa:
Gwajin maniyyi ne kawai, ba allura ba ciwo. Maniyyi kusan wata uku yake ɗauka kafin sabo ya haɗu, don haka ko sakamakon bai yi kyau ba, za a maimaita bayan ya fara kare kansa. Ki tafi da kwalbar da ba komai ciki ko hotonta likita ya ga sunan.