Neman taimako: MySQL ya ƙi buɗe ɗanyen faifai bayan an sake kunna na'ura

Assalamu alaikum malamai. Wata saba (server) ce a nan Maradi mai riƙe da rumbun bayanan kantin sari, tana aiki da Ubuntu da MySQL 5.7, manhajar rumbun bayanai. Don ƙara sauri muka ware ɓangaren SSD, ba mu yi masa tsarin fayil ba, InnoDB, injin adana bayanai na MySQL, ya riƙa rubutu a kai kai tsaye, wato ɗanyen faifai.

A my.cnf, fayil ɗin saitin MySQL, mun bar innodb_data_home_dir babu komai, muka sa innodb_data_file_path=/dev/sdb1:100Gnewraw, InnoDB ya shirya ɓangaren, sannan muka mayar da newraw zuwa raw. Mun kashe innodb_file_per_table, in ba haka ba tebura sai su tafi fayilolin .ibd, ɗanyen faifan ya zauna banza.

Da wuta ta ɗauke aka sake kunnawa, sai kuskure mai lamba 13, wato babu izini. Dalilin farko mun gano shi: sauya mai faifan da chown ba ya ɗorewa, udev mai kula da na'urori a Linux na mayar da faifan hannun root:disk. Mun rubuta ƙa'ida a /etc/udev/rules.d, yanzu ls -l na nuna mysql ne mai shi, amma kuskuren na nan daram.

Zargina AppArmor ne, tsarin tsaro mai taƙaita fayilolin da manhaja za ta taɓa, tunda bayanin usr.sbin.mysqld bai ambaci /dev/sdb1 ba. Wane layi za a ƙara, kuma sunan /dev/disk/by-id zai karɓa ko sai ainihin sunan na'urar? Sdb kan koma sdc in an jona wani faifai, wannan na damuna ƙwarai.

Sannan don Allah, wanda ya auna: ribar ɗanyen faifai ta fi tsarin fayil na XFS da innodb_flush_method=O_DIRECT? Ajiyar kwafi ta yi wuya, sai mysqldump.