Bigila Ta Kira, Badujala Ta Amsa

Mai Bigila, Tudun Wada, Kaduna:

Salamu alaikum 'yan'uwa. Jiya bayan la'asar na biyo ta bayan wata firamare a unguwarmu, na tarar da yara suna gwajin maci na bikin 1 ga Oktoba. Babu ganga, babu bigila, wani yaro ne ke dukan jarka da sanda. Na fi rabin awa a tsaye ina kallonsu. Da na koma gida barci ya ƙi zuwa, shi ne na rubuta wannan. Duk wanda ya taka fareti da mu a Dandalin Murtala a 1987, ga fili ga mai doki. Amsa-amon "wa" ne, kada a sauya.

Da sunan Allah zan fara,
Shi ya ba mu numfashi da basira,
Jiya na ji jarka tana ƙara,
Yara na maci a tsakiyar ƙura,
Sai ƙafata ta kama takawa.

Na tuna ɗaya ga Oktoba,
Mun tashi tun kafin asuba,
Kaki ya sha sitati, zo ka duba,
Karin guga kamar wuƙa a gaba,
Kambas ya sha alli yana haskawa.

Na goge bigila da lemon tsami,
Da toka, tun ina ɗan ƙarami,
Saje ya ce nan ake fara ilimi,
Ƙyallinta ya kai Unguwar Rimi,
Ido ya riga kunne yabawa.

Ba ta da maɓalli ko guda ɗaya,
Murya biyar gare ta gaba ɗaya,
Leɓe ke matsewa ya ba ta hanya,
Iska daga ciki take, ta wuce wuya,
In leɓe ya gaji babu ɓoyewa.

Ina mai badujala abokina,
Wanda ke tafe dab da bayana?
Dukansa nake ji a ƙirjina,
Tun da motar kaya ta yi Katsina,
Kunnena ke ta cigiya, 'yan'uwa.

Mai Badujala, Ƙofar Ƙaura, Katsina:

Wa alaikumus salam. Ƙanena ne ya turo mini wannan da daddare, na karanta sau uku kafin na iya riƙe wayar da kyau. Ga ni, aboki, ina raye.

Na amsa kiranka, ɗan Tudun Wada,
Ka tono abin da na binne, ka tada,
Kafaɗuna biyu su ne shaida,
Har yau da sawun maɗaurin ratayawa.

Ka manta ruwan da ya kwana zuba?
Fata ta saki tun kafin asuba,
Na buga, ta ce luf, ba ta amsa ba,
Na zauna a ƙasa hawaye na zubowa.

Mai shayin bakin titi ya gan ni,
Ya ce, "Yaro, tashi, kawo ta ba ni,"
Ya ce zafin murhu shi ne magani,
Fata ta ɗaure, ta koma yin tsawa.

Bai karɓi ko kwabo ba a hannuna,
Ya ƙara da shayi ya ɗumama cikina,
Ban san sunansa ba, yana cikin raina,
Allah ya ba shi inuwa ranar tsayuwa.

Akwai abin da ban gaya maka ba a ranar. A 23 ga Satumba aka cire Katsina daga jihar Kaduna, kwana takwas kafin faretin. Mahaifina ma'aikacin gwamnati ne, sunansa na cikin waɗanda za su koma gida. Mun riga mun fara ɗaure kaya.

Na shiga fili na san akwai sauyi,
Ban gaya wa kowa ba a cikin layi,
Ganga a ƙirji ta ninka nauyi,
Kowane duka sallama nake aikawa.

'Yar Sahun Gaba, Kawo:

Yayyena, kun yi ta kanku kun bar mu a baya, kamar yadda kuka saba barinmu a fili. Mu talatin ne 'yan matan da ke bin kiɗanku. Ni ƙwar biyu na iya, ku yi haƙuri da ita.

Ku kuna busa, kuna ta duka,
Mu ne ƙafafun da ke fassarawa.

Sahu uku, goma-goma muka jeru,
Dogaye a gefe, gajeru ciki suna sajewa.

Sati shida muna gwaji bayan an tashi,
Rana ta dafa mu, babu mai kokawa.

Baba Saje, ɗan mazan jiya na yaƙin Bama,
Da sanda a hammata yake zagayawa.

Ya ce hannu ya tashi daidai kafaɗa,
Diddige ya fara sauka, yatsu na biyowa.

Ya ce ƙafar hagu ta faɗa kan dukan ganga,
Wadda ta ɓata ta yi ɗan tsalle tana gyarawa.

Bai taɓa dukanmu ba, muryarsa ta isa,
"Lef, rai" ɗinsa ana jiyo shi har kasuwa.

Daren Laraba Inna ta kwantar min da kitso,
Don hula ta zauna daram, babu zamewa.

Ran Alhamis mun daɗe a ƙame,
Ana jiran manya, rana tana ta hawa.

Ta damana jiri ya kwashe ta,
'Yan agaji suka zo, muka rufe gurbi ba waiwayawa.

Da muka zo daidai rumfar gwamna,
Wuya ashirin da tara, lokaci guda juyawa.

Can cikin taro na hango Inna,
Ta hau kan benci, guɗa take rangaɗawa.

Ban yi murmushi ba, Saje ya hana,
Amma hawaye ba ya jin umarnin kowa.

Inna ta rasu shekara tara ke nan,
In na ji ganga, guɗarta nake jiyowa.

Mai Sanda, Abuja:

Allah ya jiƙan Inna, ya jiƙan Baba Saje. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Filin nan na fara ganinsa a kan wuyan kawuna, ranar hawan daba na Festak, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a 1977, ina ɗan shekara shida. Tun ranar nake burin in shige shi a gaban jama'a. Allah ya cika mini burin, ga kuma yadda ta kasance.

Ni ke gaba da sanda mai tuntu,
Na bar wasa, na rage hutu,
Don jifa uku a sama su kyautu,
In cafe ta, kaina babu ɗagawa.

Jifan farko ya dawo lafiya lau,
Na biyu ma taro ya ce ya yi kyau,
Na uku nake gani a mafarki har yau,
Safar hannu ta jiƙe, sanda ta yi sulɓewa.

Ta faɗi a gaban alƙalai uku,
Na sunkuya na ɗauka a gabanku,
Kofin da ya kuɓuce guminku ne, naku,
Ban taɓa furtawa ba, yau ina neman yafewa.

Mai Bigila:

Haba jagora, ɗaga kanka,
Ina taku huɗu a bayanka,
Na ga faɗuwar, na ga ɗaukarka,
Ko taku ɗaya bai ɓace ba a ƙafarka,
Mun yafe tun sanda tana gangarawa.

Na biyu muka zo, ba mu ji kunya ba,
Saje da bai saba yabon kowa ba,
Ya dafa ka, ko ba ka tuna ba?
Ya ce soja bai taɓa barin sandarsa ba,
Ka ɗauka, ka ci gaba da wucewa.

Mai Ƙaramar Ganga, Sabon Tasha:

Sannunku 'yan'uwa, a ba ni wuri. Ni daga makarantar da ta ɗauki kofin nake. A cocinmu na koyi ƙaramar ganga, cikin ƙungiyar Boys' Brigade, wadda aka kafa a Gilasgo a 1883 ta iso Nijeriya a 1908. Kusan rabin makaɗan makarantarmu daga can muka fito, shi ya sa hannunmu ya riga ya nuna. Mai Bigila, ko ka gane ni?

Mu ne muka taso daga Kakuri,
Muka haye gada a ƙafa da wuri,
Yadin kakinmu saƙar cikin gari,
Babana na cikin masu saƙawa.

Kofin an kai shi ofis an ajiye,
Wa ya san a wane lungu yake ɓoye?
Abin da ya rage a kunnena a raye,
Bigilarka ce lokacin da kuke wucewa.

Da aka tashi, a gindin darbejiya,
Kwalbar lemo muka sha mu biyu, ɗaya,
Ka ba ni bigila na busa, muka yi dariya,
Na ba ka sanduna ka gwada kaɗawa.

Shekarar ce Maris ya zo da wuta,
Manya na tsoron shiga da fita,
Mu dai Oktoba ta haɗa 'yan makaranta,
Fili ɗaya, ba mai tambayar addinin kowa.

Yau masaƙu shiru, ƙofofi a rufe,
Kogin nan ya raba mu kamar katangar ƙarfe,
Amma in ka kira ni gobe da safe,
Zan hayo gada da sanduna, ina zuwa.

Mai Bigila:

Na gane ka, ɗan'uwa. Kai ne mai tabo a gira, mai bugu da hagu. Hayo, gida na nan.

Mai Badujala:

Tunda an taru, ni maganar jarkar nan nake so mu koma.

Jarkar yaron nan ta tsaya min a rai,
In hannunsa na faɗa wa lokaci daidai,
Ka tambayi hedimasta, a duba sito dai,
Ko akwai tsohuwar ganga da ke ruɓewa.

Fata biyu ta maraƙi suna kaina,
Akwai baduku a nan bayan gidana,
Juma'a zan sa su a motar Kaduna,
In Allah ya kai mu, Asabar ina biyowa.

'Yar Sahun Gaba:

Alli da sitati ku bar su a wuyana,
'Yan matan ma ku ba ni, na san gyarawa.

A fara neman iznin iyayensu,
Ni zan bi gida-gida ina sallamawa.

Mai Sanda:

Na ba kafinta aikin sanda,
Daidai tsawon yaro, ya fere ta yadda,
Hannu ƙarami zai riƙe ta ya yarda,
Ni zan koya masa jifa da cafewa.

Mai Bigila:

Alhamdu lillahi. Na je wurin hedimasta da safe, an buɗe sito, an sami ganga ɗaya mai fasasshiyar fata, jikinta lafiya lau. Ita kuwa bigilar da ke hannuna ta Baba Saje ce, wadda ya koyi busa da ita a barikin horon sojoji na Zariya. Ya ba ni ita da hannunsa shekarar da na gama makaranta.

Na jawo akwati daga ƙarƙashin gado,
Ga bigilar da Saje ya bar mini gado,
Ta yi kore, ta rasa duk wani ado,
Na murza toka har ta ɗauki ido,
Jikokina sun kewaye ni suna leƙawa.

Na kafa leɓe, na tura iska,
Murya uku sun fito, jini ya hau fuska,
Biyun sama suna nan ɓoye a taska,
Zan nemo su kafin Asabar ta haska,
Kowa ya zo da kambas ɗinsa na takawa.

Asabar ƙarfe huɗu da rabi, bayan la'asar, a filin firamaren. Mai Badujala, zan tare ka a tashar Kawo. Yaron mai jarka ya tare ni a bakin ƙofa yana tambaya ko zai zo da sandarsa, na ce ya zo da ita.