Ta yaya ake gane kamfanin gini na ƙwarai kafin a sayi sabon gida?

Mai Neman Muhalli:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masana. Wani kamfani yana gina rukunin gidaje a bayan gari nan Kano, ɗaki uku da falo, ba bene ba. Sun ce a ba da kashi 30 cikin ɗari kafin alƙalami, sauran a biya cikin wata 18, in an kammala a karɓi mukulli. Sun kai ni gidan da suka gama don nuni, tayil da fenti da silin ba a magana. To amma ni ban san gini ba, iya abin da ido ya gani na sani. Me zan duba in gane aikinsu yana da ƙwari, kuma ta ina ake binciken ko suna cika alkawari? Allah ya saka da alheri.

Injiniyan Gine-gine:

Wa alaikumus salam Malam. Gidan nunin nan cire shi daga lissafi, don ku masu saye aka yi masa kwalliya. Wuri biyu ne za su gaya maka gaskiyar kamfani: gidajen da ake kan ginawa ba a kai ga shafe ba, da tsofaffin gidajen da suka miƙa wa mutane shekara uku zuwa biyar baya. In suka ce ba a shiga wurin aiki, ko suka kasa nuna maka tsohon aiki ko ɗaya, ka yi taka-tsantsan tun daga nan.

A wurin aiki fara da bulo. Ɗauki ɗaya da hannunka daga tarin da birkila yake ɗiba, ba wanda aka miƙo maka ba. Karce gefensa da ƙusa. In yashi na zubowa, siminti ya yi ƙaranci. Sannan ɗaga shi daidai ƙugu ka sake shi a ƙasa mai tauri. Mai kyau zai tsaya ko ya rabe biyu, maras kyau wargajewa zai yi. Buhun siminti ɗaya mai kilo 50, in ana son aiki, bulo 25 zuwa 30 na inci 9 ake fitarwa, amma mai neman riba sai ya buga 45 ko fiye. Ko an sa siminti daidai, in ba a ba bulon ruwa safe da yamma na aƙalla mako guda ba, zafin Afrilu zai busar da shi kafin ya kama.

Sai kankare. Na ginshiƙi da linta (kankaren saman ƙofa da taga) da dakin (rufin kankare), haɗin 1:2:4 ake yi, wato siminti da yashi da tsakuwa. Buhu ɗaya kwano biyu ne na lebura, ke nan kowane buhu zai ci yashi kwano 4 da tsakuwa kwano 8. Tsaya gefe ka ƙirga da kanka, ba sai ka tambayi kowa ba. Ka kuma lura da ruwa. Leburori suna son kankare ya yi ruwa-ruwa don ya fi daɗin zubawa, kuma wannan ruwan da aka ƙara shi ne ke kashe ƙarfinsa. Bayan an cire katako dubi jikin ginshiƙin. In ka ga ramuka kamar saƙar zuma, ko rodi ya leƙo waje, ba a daddage zubin ba. Rodi yana buƙatar kankare kamar milimita 25 ya lulluɓe shi. In babu, laima ta shiga ya yi tsatsa, tsatsa kuwa kumbura take yi ta fasa kankaren daga ciki.

Rodin ma ana cin amana a kaurinsa, a sayar da wanda bai cika ba da sunan milimita 12. Sikeli ne ke tona wannan: sanda ɗaya mai tsayin mita 12 ta rodi 12 tana kai kilo 10 da rabi da ɗan ɗoriya, ta rodi 16 kuma kusan kilo 19.

A fandishan duba abu biyu. Na farko, an shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba kankaren daɓe? Ita ce ke hana danshin ƙasa hawa bango. Na biyu, tsayin daɓen. Ya kamata ya ɗara titi da aƙalla bulo biyu, domin ranar da aka zo yin kwalta titin zai tashi, gidan da aka gina daidai da hanya ya koma matattarar ruwa. Ka kuma tambayi dattawan unguwar me ke wurin da. Kano tana da kududdufai da yawa da aka cike da shara aka mayar filaye, kuma ciko irin wannan yana ci gaba da zama shekara da shekaru. In wurin ciko ne, nemi sakamakon gwajin ƙasa a rubuce.

Tsofaffin gidajensu kuwa, a Agusta ko Satumba ake zuwa, lokacin da damina ta gama bankaɗo komai. Siririn tsagi a fuskar shafe ba abin damuwa ba ne. Wanda ake gudu shi ne tsagin da ya taso a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ya fi faɗi a gefe ɗaya, kuma ana ganinsa ciki da waje a wuri guda. Wannan fandishan ne ke nutsewa. Ƙofofin da suka daina rufuwa daidai su ma alama ce. Dubi gindin bango: fenti na ɓarewa, farin gishiri na fitowa har zuwa gwiwa, to ba a tare danshi ba.

Baristan Filaye:

Injiniya ya gama da siminti, ni kuma Malam takarda zan ja hankalinka a kai, don gida mai ƙwari ma ana rushe shi in an gina shi inda bai kamata ba.

Sa cikakken sunan kamfanin a shafin binciken hukumar rajistar kamfanoni, CAC, kyauta ne. Za ka ga lambar rajista da shekarar da aka yi ta, da ko kamfanin yana aiki. Kamfanin da yake cewa ya shekara goma yana gini amma rajistarsa ta bara ce, sai ya yi bayani. Wani lokaci tsohon kamfani ne ya ɓata suna aka sake masa riga, shi ya sa lauyanka zai ciro rahoton da ke nuna daraktoci, a duba ko sunayensu sun fito a wasu kamfanonin gidaje da ke da shari'a a kotu. Shaidar zama mamba a ƙungiyar kamfanonin gina gidaje ta REDAN da satifiket ɗin SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram, suna da kyau, amma ba su ne ke tabbatar da aiki ba.

Sai filin. Karɓi kwafin satifiket ɗin mallaka, wato C of O, a kai KANGIS, hukumar bayanan filaye ta Jihar Kano, a yi bincike a hukumance. Abin da ake nema: sunan da ke fayil shi ne na kamfanin? An ba da filin don gidajen zama ne ko gona ce? An jinginar da shi a banki? Wannan na ƙarshen ya fi cutar da masu saye. Kamfani yakan ajiye satifiket ɗin rukunin gaba ɗaya a banki ya ci bashin gini, kai ka biya kuɗinka tas, amma in ya kasa biya bankin yana da haƙƙi a kan filin da gidanka yake kai. In kuma filin na wani ne, kamfanin haɗin gwiwa kawai ya yi da shi, dole ka ga yarjejeniyarsu, mai filin kuma ya sa hannu a takardarka.

Nemi amincewar KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano, a kan tsarin rukunin da zanen ginin, ka gwada da abin da ke ƙasa. In zanen ya ce gida 40 aka gina 55, ƙarin a kan hanya ko magudanar ruwa ko filin makaranta aka ɗora su, kuma su ne ake fara shafa wa jan fenti. Zanen ƙarfe, wato na rodi da kankare, ya zamana da hatimin injiniya mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN, ka rubuta lambarsa a tabbatar.

A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, mayar da mallakar filin da ke da satifiket zuwa sunan wani sai da amincewar gwamna. Takardar rabon gida da kamfani ke bayarwa ba mallaka ba ce. Yarjejeniya ta fayyace wace takarda za ka samu a ƙarshe, yaushe, kuma wa zai biya kuɗin amincewar da rajista. Kuɗi kuma asusun kamfani ake turawa, ba na manaja ko dillali ba, kome kusancinku.

Mai Wayarin da Famfo:

Ranka ya daɗe Injiniya, a bar mu mu ma mu sa baki, don abin da ke cikin bango shi ya fi damun mai gida a shekarar farko. Malam, ka ce a buɗe maka soket ɗaya da allon rarraba wuta. Fitila waya mai kaurin 1.5 take ci, soket mai 2.5, na'urar sanyaya ɗaki da hita mai 4 kuma kowanne da layinsa daban. Yanki guntun waya ka kankare ta da wuƙa. In ja ne har ciki, jan ƙarfe ce. In fari ya bayyana, alminiyom ne aka shafa wa launi, zafi take ɗauka, kuma ita ce ke kawo gobarar da ake ɗora wa wutar NEPA. Tambayi inda aka binne sandar at, wato ƙarfen da ke kai wuta ƙasa in ta tsallake, a nuna maka da ido.

Leƙa cikin silin da tocila. Katakon rufi an shafa masa maganin gara? An ɗaure shi da rodi ko ƙarfe a jikin kankaren saman bango? Iskar farkon damina rufin da aka kafa da ƙusa kawai take yayewa. Kwanon alminiyom a auna kaurinsa, in an rubuta milimita 0.55 kada a tarar da 0.40. Rufin da aka ɓoye a bayan farafet, wato bangon da ya ɗara rufi, yana da kyan gani, amma a kwatar da ke bayansa yoyo yake farawa in ba a yi mata gangara da mafita isassu ba.

A banɗaki zuba bokiti guda a ƙasa ka ga inda ruwan ya nufa. Buɗe duk famfunan lokaci ɗaya. Sannan auna tazarar sokawe da rijiyar burtsatse, a so samu ta kai mita 30.

Mai Neman Muhalli:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Barista, na nemi kwafin satifiket ɗin, sai suka ce satifiket ɗaya ne na rukunin duka, kuma ba sa fitar da shi sai mutum ya biya kafin alƙalami. Haka ake yi?

Baristan Filaye:

Satifiket ɗaya na rukuni duka ba laifi ba ne, haka yawancin rukunan gidaje suke. Hana ka ganinsa kafin biya shi ne ba daidai ba. In tsoron masu buga na jabu suke yi, su ba lauyanka lambar fayil kawai, ta isa a yi bincike. In nan ma suka ƙi, kada ka saki ko sisi.

Mai Ƙiyasin Gini:

Zan ɗan saɓa wa Injiniya a wuri ɗaya. Gwajin sakin bulo yana kama maras kyau sosai, amma matsakaici yana tsallakewa. Mai shirin zuba miliyoyi ya ɗauki injiniyansa na kansa, wanda ba kamfanin ke biyansa ba, ya zo da hamar gwajin kankare, a kuma kai bulo uku ko biyar ɗakin gwaji a matse su. Kuɗin bai taka kara ya karya ba in aka gwada da kuɗin gidan.

Batun suna kuma, Malam, kada ka tsaya kan tallan Facebook da hotunan miƙa mukulli. Je tsohon rukuninsu kai kaɗai, ba tare da ɗan kamfanin ba, ka yi sallama da masu gida uku ko huɗu. Tambayoyin su ne: wace rana aka yi musu alkawari, wace rana suka shiga? An ƙara musu kuɗi a tsakiya? Da rufi ya yi yoyo an zo gyara, ko an daina ɗaga waya? Sun karɓi takardunsu? Taransifoma da lambatu da titin da aka zana a talla, kamfanin ne ya yi ko mazauna ne suka yi karo-karo? Daga nan ka ɗan zauna da maigadi da masu kawo yashi da birkiloli. In kamfani yana riƙe wa lebura kuɗin mako, ko mai siminti ya daina ba shi kaya sai da kuɗi hannu, to kafin alƙalamin sababbin masu saye ne yake ƙarasa gidajen tsofaffi da shi, kuma wanda ya shigo a ƙarshe shi ake bari da kango.

Saboda haka tsarin biyan da suka ba ka bai yi mini ba. Biyan wata-wata yana tafiya ko ana aiki ko ba a yi. Nemi a ɗaure biya da matakin gini: kaso kaza in an gama fandishan, kaza a linta, kaza a rufi, kaza bayan shafe da wayarin, kuma injiniyanka ya duba kafin kowane biya. A rubuta lambar gidanka a yarjejeniya, a haɗa da jerin kayan da za a sa da kaurinsu da sunan kamfanin da ya yi su, don kalmar "mai inganci" ba ta kama kowa a kotu. Duba ko akwai sharaɗin ƙarin farashi. Da siminti ya yi tashin gwauron zabi a farkon 2024, ta wannan ƙofar aka riƙa ƙara wa masu saye kuɗi, don haka ko a cire shi ko a sa masa iyaka. A rubuta abin da za su biya ka in sun makara, da kwanakin da za su mayar maka da kuɗinka in aikin ya tsaya.

A kwangilar gini an saba riƙe kashi 5 cikin ɗari har wata shida bayan miƙa aiki, don gyaran abin da ya ɓullo. Kai ka nemi wata 12, domin in ka karɓi mukulli a Nuwamba, wata shida zai ƙare a Mayu, rufin bai ga ruwan kirki ba tukuna.