Shawarwari kan gwada sabon tsarin aiki a kwamfutar kiɗa ta gida

A majalisarmu ta masu son sauti mai tsabta da ke Samaru, an jima ana tattauna yadda za a gwada sabon tsarin aiki (wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta) a kan kwamfutar da mutum ya harhaɗa don ajiye waƙoƙi. Ga abin da na tsinta.

Kowa ya yarda kada a taɓa tsohon tsarin. A kwafe fayilolin FLAC (waƙoƙin da aka adana ba tare da rage ingancin sauti ba) zuwa wani faifai daban, sannan a ɗora sabon a filashi ko katin SD. Daga cikin irin waɗannan tsare-tsaren na kiɗa, Daphile yana tashi daga filashi a kan kwamfuta ta yau da kullum, moOde kuwa na ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi ne, Volumio yana hawa duka biyun.

Maganar wuta ce ta fi ɗaukar lokaci, kuma ta cancanta. Ɗaukewar wuta ana cikin rubutu a kati na iya lalata tsarin gaba ɗaya. Shi ya sa masu gyaran lantarki daga Sabon Gari suka fi son tsarin piCorePlayer na Raspberry Pi, domin yana loda kansa cikin RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta), ba ya yawan rubutu a kati. Ni ma nan na karkata. Duk da haka a haɗa da inbata, a riƙa share ƙurar hunturu daga fanka.

Wajen saurare, a daidaita ƙarfin murya kafin kwatantawa, don kunne yakan fifita wanda ya fi ƙara. A bar DAC (na'urar da ke mayar da bayanan dijital zuwa sauti) da lasifika yadda suke, a tabbatar sautin yana bi ta ALSA (sashen da ke kula da sauti a waɗannan tsare-tsaren) kai tsaye ba tare da an sauya shi ba.