Aikin tallafa wa yaran 'yan asalin Kanada: waɗanda suka yi su ba ni shawara

Ummi, Thunder Bay

Assalamu alaikum. Na samu aiki da masu tura ma'aikata garuruwan 'yan asalin ƙasa a arewacin Ontariyo, inda mota ba ta zuwa sai jirgi, ko hanyar ƙanƙara da hunturu. Aikin shi ne tsayawa da yara da matasan da damuwa ta kai su ga tunanin kashe kansu. Na yi karatun, na yi horon, amma gabana sai faɗuwa yake. Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa mini abin da ba a koyarwa a aji.

Anti Nas, Winnipeg

Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka, ƙanwata. Abu na farko, ki sani yaran nan tsoronki suke ji tun kafin ki buɗe baki, kuma suna da dalili.

Akwai daren da wata tsohuwa ta kawo mini jikarta ƙaramin asibitin wani gari a arewacin Manitoba. Yarinyar ba za ta wuce sha huɗu ba. Ta rufe kanta da hular rigar sanyi, ta ja hannun rigar har ya ɓoye yatsunta. Na dafa mata shayi ya huce ba ta taɓa ba. Da ta yi magana, tambaya ɗaya ta yi: "Ɗauke ni za ku yi?"

Tambayar nan tana da tushe. Yara kusan 150,000 aka raba da iyayensu aka kai makarantun kwana da gwamnati ta ɗauki nauyi, coci-coci suka gudanar, aka hana su yarensu, wasu ba su dawo ba. Har cikin shekarun 1990 akwai irin makarantun a buɗe. Kakar da ke zaune a gabanki wataƙila ita ma can ta taso. Kuma abin bai ƙare ba: ƙidayar 2021 ta nuna fiye da rabin yaran da hukuma ta raba da iyayensu ta ba wasu riƙo 'yan asalin ƙasa ne, alhali ba su kai kashi 8 cikin 100 na yaran Kanada ba. To ga yaro irin wannan, neman taimako da rabuwa da gida duk ɗaya ne.

Kada ki taɓa yi masa alƙawarin rufa asirin da doka ba za ta bar ki ki cika ba. Ki faɗa masa tun farko wa za ki sanar, da me ya sa, ki tambaye shi wa yake so ya zauna kusa da shi. Yarinyar nan gwaggonta ta zaɓa, kuma a garin ta kwana.

Malam Bashir, Iqaluit

Anti ta faɗi gaskiya. Ni da mutanen Inuit nake aiki, 'yan asalin can ƙuryar arewacin Kanada. Ummi, ki koyi kallon fuska. A nan ɗaga gira "eh" ne, yamutsa hanci "a'a" ne. Yaro zai amsa miki tambayoyinki duka, in ba ki sani ba ki rubuta cewa ya ƙi magana. Sunkuyar da kai ma ba raini ba ne, irin kunyar da aka koya mana a gaban manya ce.

Amma kada kunyar ta kama ki ke ma. Ki tambaya kai tsaye: "Kana tunanin kashe kanka?" Tambayar ba ta sa wa yaro tunanin. Sau da yawa sai ki ga ya sauke ajiyar zuciya don an ambaci abin da ya kasa faɗa. Gidaje a cunkushe suke, babu ɗakin keɓewa, don haka yawancin hirata da samari a tafe muke yinta, ko a bakin ramin kamun kifi a kan ƙanƙara tare da dattawa.

Maman Khalil, Saskatoon

Malam, haƙuri da saurare suna da kyau, amma su kaɗai ba sa kawo likita. Ummi, ki iya takarda. Ki karanci Ƙa'idar Jordan sosai. Sunan wani yaro ne, Jordan River Anderson na garin Norway House a Manitoba, wanda ya rasu a asibiti a 2005 yana ɗan shekara 5, gwamnatin tarayya da ta Manitoba suna ta gardamar wa zai biya kuɗin jinyarsa a gida. A 2007 majalisar tarayya ta amince a fara yi wa yaro hidima, gardamar kuɗi ta biyo baya. Da ita na samo wa yara mai ba da shawara da kuɗin tafiya. Ana jan ƙafa, sai kin yi ta bibiya.

Ki sa wa kowane yaro lambobi a wayarsa da hannunki: 988, layin agajin masu tunanin kashe kansu da aka buɗe a 2023, da layin Hope for Wellness na 'yan asalin ƙasa, wanda ke aiki dare da rana kuma ana iya neman mai jin Cree ko Ojibwe ko Inuktitut. Sannan ki yi magana da mutanen gida a kulle bindigar farauta da magunguna, makulli ya koma hannun wani babba.

Yaya Sani, Timmins

Ina nan yankin a 2016 lokacin da al'ummar Attawapiskat ta 'yan asalin ƙasa a arewacin Ontariyo ta ayyana dokar ta-ɓaci bayan mutum 11 sun yi yunƙurin kashe kansu a dare guda. In aka yi rashi ɗaya, ki nemi abokan mamacin da 'yan ajinsa nan take, su ne ke bakin haɗari.

Sai batun addini, tunda na san zai zo miki. Za a kunna ganyayen da suke turara wuri da su kafin a fara zama. Ni nakan ce ni Musulmi ne, in zauna cikin girmamawa, ba wanda ya taɓa tilasta mini. Wa'azi kuwa ba wurinsa ba ne. Da sunan addini aka kwashe iyayensu. Binciken masana Chandler da Lalonde na 1998 a lardin British Columbia ya nuna garuruwan da ke riƙe da al'adunsu da ragamar harkokinsu sun fi ƙarancin kisan kai tsakanin matasa. Don haka in dattijuwa ta ce za ta fita daji da yara, ki taimaka mata da abin da take buƙata.

Anti Nas, Winnipeg

Na manta abin da ya fi ci mini rai. Ana turo ma'aikaci ya yi ɗan lokaci ya tafi, wani ya zo, yaro ya sake ba da labarinsa daga farko har ya gaji ya yi shiru. Ki faɗa wa yaro ranar tafiyarki, ki haɗa shi da ma'aikaciyar garin a gaban idonki. Ita ma ki kula da ita, don yaran 'ya'yan 'yan'uwanta ne, da ita ake zaman makoki.

Ummi, Thunder Bay

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maman Khalil, takardar Jordan ɗin ni zan cika ko iyaye?

Maman Khalil, Saskatoon

Iyaye ko mai riƙon yaro ne ke nema, ke ma za ki iya cikawa a madadinsu in sun ba ki izini a rubuce. Ki haɗa da wasiƙarki mai bayyana buƙatar yaron, in na gaggawa ne ki rubuta haka ɓaro-ɓaro, sannan ki bi da waya.