Wa ya taɓa yin gwajin ji? A taimaka min da bayani

Yayar Gida:
Salam jama'a. Babanmu ne, in ka yi mai magana sai ya ce ya ji muryarka amma bai gane me ka ce ba, musamman in yara na surutu a tsakar gida. Likita ya rubuta mana gwajin ji, shi kuma ya ƙi, wai ai yana jin kiran sallah sarai. Don Allah waɗanda suka taɓa yi ku faɗa min yadda abin yake in samu abin lallashinsa.

Mai Injin Niƙa:
Hajiya ki gaya wa Baba ba allura ba zafi wlh. Wani ɗan ɗaki ne da ƙarar waje ba ta shiga, a sa maka abin kunne a ba ka maɓalli, duk sanda ka ji ƙara komai ƙanƙantarta ka danna, kunne ɗaya bayan ɗaya, daga ƙara mai kauri hez 250 har siririya hez 8000 (hez shi ne ma'aunin kaurin sauti ko sirantarsa). Ni da aka zana nawa a takarda layin ya tafi daidai sai a 4000 ya yi rami, duka kunnuwan biyu, mai gwajin bai ma san sana'ata ba ya ce da inji kake aiki ko? Ya ce ramin nan tambarin ƙarar inji ne, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa, sai dai a kare ragowar. Yanzu ba na tada inji sai na toshe kunne, yarana na shago ma dole.

Malamin Fiziks:
Abin da Baba ke faɗa gaskiya ne fa. Sauti abu biyu ake aunawa, yawan kaɗawarsa a daƙiƙa shi ne hez, ƙarfinsa kuma desibel. Kunnen yaro lafiyayye na kama daga hez 20 zuwa 20,000, to da shekaru na saman ne ke fara tafiya, kuma su s, f, sh, ts duk a saman suke, wasula kuma a ƙasa. Shi ya sa murya na isa amma kalma ba ta fita. Ni ma a aji na fara lura, 'yan mata na baya in sun yi tambaya sai na ce a maimaita, gwaji ya nuna haka. Kuma desibel ba lissafin ɗaya biyu ba ne, ƙarin 10 ninki goma ne na ƙarfin sautin, shi ya sa ake cewa in ƙara ta kai 85 kar a wuce awa 8 a cikinta. Ku daina yi mai ihu, ku fuskance shi ku yi magana a tsanake.

Ɗan Maraɗi:
Ni likita wani ƙarfe mai baki biyu ya buga ya ɗora min a ƙashin bayan kunne, sannan ya kawo shi bakin kunnen. Na fi ji ta ƙashi, ya ce to can ciki lafiya lau, hanyar ce ta toshe. Ruwa ne ya taru bayan dodon kunne, aka yi magani na warware. Don haka ba kowane ba ne na dindindin.

Maman Biyu:
Ɗana bayan sanƙarau ya daina waiwayowa in an kira shi, dangi na ta cewa miskilanci ne. Muka je Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, shi ba ya iya danna maɓalli, sai suka manna mai wayoyi a kai yana barci, na'ura na duba ko jijiya na amsa ƙarar. Kunne ɗaya ya tafi, ɗayan da saura, yana sa na'urar ji yanzu kuma yana magana Alhamdulillah. Iyaye don Allah duk yaron da ya tashi daga sanƙarau a gwada shi da wuri.

Yayar Gida:
Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa yaro lafiya. Sai mun wanke mai kunnen kafin mu je?

Mai Injin Niƙa:
A'a kar ku sa tsinke ko auduga, su za su leƙa da fitila, in akwai datti su cire. Kawai ya nisanci janareta da lasifika tun daren kafin ranar gwajin.